Mussa ta ajiye min kusu a bakin ƙofa: tambayoyinku da amsoshinsu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na dabbobin gida. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan mussa ne, wato kyanwa ko mage ga waɗanda ba Sakkwatawa ba, kuma ban yi mamaki ba tunda an gama kaka an zuba gero da dawa a rumbu, ɓeraye sun samu abin nema, masu neman ɓerayen suma sun tashi tsaye. Na cire sunaye kamar yadda kuka roƙa, unguwa kawai na bari.

Tambaya: Salamu alaikum Likita, dan Allah ka taimake ni da amsa don abin ga ya hana ni kwana. Kwana ukku a jere in na buɗe ɗaki da asuba sai in iske an aje min abu bisa tabarmar ƙohwa, ranar hwarko kusu ne babu kai, rana ta biyu ƙadangare, ta ukku wata 'yar tsuntsuwa da jini jikinta. Mu biyu ne gun maigida kuma ɗakunanmu na kallon juna amma ƙohwata ɗai ake ajewa, wallahi har zuciyata ta hwara raya min abin da bai kamata ba game da abokiyar zamana alhali ba mu taɓa samun matsala ba. Na hwaɗa ma innata tac ce in yi hayaƙi in riƙa tohi. Jiya kuma ɗana yac ce shi da idonai ya ga mussarmu ɗauke da kusu ta aje nan, na samu tsintsiya na ba ta kashi, yanzu ko kusa da ni ba ta zuwa. To shin turo ta anka yi ko mi ka kawo wanga abu? Daga uwargida, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam uwargida, Allah ya kwantar miki da hankali. Kafin komai dan girman Allah ki cire abokiyar zamanki daga cikin maganar nan, ɗanki ya riga ya baki amsa, ba wanda ya turo mussa, ƙafarta ce ta kawo ta, kuma duk inda ake kiwon kyanwa haka takeyi, daga Mabera har birnin Landan, gidan mai mata huɗu da gidan gwauro duk ɗaya. Addu'a da azkar kici gaba da abinki ai musulmi baya rabuwa dasu, amma zato kam ki ajiye shi, Allah ya faɗa mana a Suratul Hujurat cewa wani sashe na zato zunubi ne, kuma ni na ga gidan da ƙaramin abu irin wannan ya ɓata zaman shekara da shekaru, aka daina cin abincin juna akan mushen ƙadangare.

Asalin zaman mutum da kyanwa ai akan ɓera aka ƙulla shi. Kakanninta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi wajen shekara 10,000 da suka wuce ɓeraye suka biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓeraye, mutane suka ga amfaninta suka ƙyale ta ta zauna. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari da ya kai shekara 9,500 aka samu mutum da kyanwa an binne su dab da juna. Har gobe manomin Wurno ko Gwadabawa da ke da rumbu ya san abinda mussa ke tsare masa. Jikinta gabaɗaya na wannan aikin ne, tana gani cikin ɗan hasken da ni da ke sai lalube, tana jin siririn kukan ɓera da kunnen ɗan Adam baya kamawa, shiyasa magariba da asuba sune lokacin fitarta, shiyasa kuma ke da asuba kike tarar da kayan.

To me yasa bata ci a can inda ta kama ba? Ki tuna ita ma ƙaramar dabba ce, a waje akwai kare akwai shaho akwai wani muzurun da zai ƙwace mata, dan haka in ta kama sai ta ɗauko ta kawo inda hankalinta ya fi kwanciya. Ban san gidanku ba amma zan iya cewa kece mai zuba mata abinci, ko kuma nan bakin ƙofarki take kwanciya in rana ta yi zafi, in haka ne to kin samu dalilin da yasa ƙofarki kaɗai. Da ta iso sai ta ga ba wata yunwa take ji ba, ko ta tuna anjima akwai kan kifi, sai ta ɗan taɓa ta bar sauran. Kusu mara kai ɗin nan da ya fi tsorata ki shine ya fi komai sauƙin bayani, sau da yawa ta kai suke fara ci. Wata rana ma zaki ga jaba ce an kashe ba a ko gutsura ba, saboda warin jaba baya musu daɗi amma motsinta baya barin su ƙyale ta.

Akwai kuma ɗabi'ar uwa. Wani Bajamushe masanin halayyar dabbobi mai suna Paul Leyhausen ya ɗauki shekaru yana kallon kyanwoyi ya rubuta yadda suke koyar da 'ya'ya. In 'ya'yan sun kai kamar sati huɗu uwar zata fara kawo matacce ta ci a gabansu, gaba kaɗan ta kawo ta bar musu, daga nan sai ta kawo mai sauran rai ta sake shi a tsakiyarsu tana wani irin kuka ƙasa ƙasa da abu a bakinta tana kiransu, in ya nemi tserewa ta cafko ta dawo dashi. Daga nan ne wasu ke cewa mussa ta ɗauke ki kamar ɗiyarta ne tana kawo miki tsaraba. Ni dai na fi karkata ga bayanin farko tunda muzuru ma na kawowa kuma shi ba ruwansa da reno, amma ko wanne kika ɗauka magana ɗaya ce, wurinki ta fi yarda dashi a duk gidan.

Kuma abinda kike gani kaɗan ne daga abinda take kamawa. A jami'ar Jojiya ta Amurka an taɓa rataya wa kyanwoyi 55 ƙananan kyamarori a wuya aka bar su suna yawonsu, sakamakon ya fito a 2013, aka ga cikin duk abinda suka kama kashi 23 cikin 100 kawai suka kawo gida, kashi 28 sun cinye, kashi 49 sun bari a inda suka kashe, kuma ƙadangaru suna cikin waɗanda suka fi kamawa, kinga har can ma ƙadangare bai tsira ba.

Dukan nan kuwa uwargida bai min daɗi ba gaskiya. Mussa bata haɗa dukan yau da kusun jiya, abinda ta fahimta kawai shine hannun da ke bata abinci ya zama abin tsoro. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin sahabi Abu Ƙatada, an zuba masa ruwan alwala kyanwa ta zo sai ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi, da aka yi mamaki yace Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa bace, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninku. Ki lallashe ta, ki ajiye mata abinci ki zauna nesa kaɗan kar ki bi ta kar ki miƙa hannu, ki bari ita ta matso da kanta, cikin 'yan kwanaki zata dawo in sha Allah.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ina da shagon hatsi kuma ina da muzuru guda da nake ji dashi, kullum sai na sai mai kifi na Kwalkwalawa amma duk da haka sai ya kamo ɓera ya kawo min ƙarƙashin benci bai ci ba. Maƙwabcina na kasuwa yace ai ɓarnar kuɗi nake, in daina bashi abinci in riƙa kulle shi cikin shago da dare yunwa ta sa ya yi aiki da kyau, haka shi yake ma tashi. Wace shawara zaka bani? Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa, kar ka bi shawarar maƙwabcin nan ko kaɗan, kuma in da hali ka karanta masa wannan amsar. Muzurunka da kansa ya ƙaryata shi, gashi a ƙoshe kuma yana kamawa. A wurin kyanwa yunwa daban farauta daban. Wani mai bincike Robert Adamec ya gwada wannan tun 1976, ana ba kyanwa abincin da take so tana cikin ci sai a sako ɓera, sai ta bar kwanon ta je ta kashe shi ta jawo shi kusa da kwanon ta ci gaba da cin abincinta. Hikimar a fili take, ɓera ɗaya loma ce kawai, kyanwar da ke rayuwa da farauta zalla sai ta samu kamar takwas zuwa goma a yini kuma ba duk tsalle ne ke kamawa ba, in ta ce sai yunwa ta ci ta sannan zata fara nema to ƙarfin neman ma zai ƙare, dan haka aka halicce ta da duk abinda ya gifta ta kai masa hannu. Ba banza ba Bahaushe ke mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai.

Wanda aka bari da yunwa kuwa ramewa yake, cuta ta samu ƙofa, ya koma bin bola da satar nama a mahauta, ƙarshe ya bar shagon ya koma inda ake jefa masa ƙashi. Kuma ka tuna watan Afrilu a Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, a kulle rai cikin shagon kwano ba ruwa ba abinci, haba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa yana cikin Bukhari da Muslim, ta tsare ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ta ci ƙananan halittun ƙasa ba har ta mutu. In zai kwana a shago a ajiye masa ruwa mai kyau da abinci da kaskon yashi na bayan gida, kuma a bar masa inda iska ke shiga.

Tunda ka ambaci kifi bari in ƙara maka, ka riƙa dafa shi ka cire manyan ƙaya, ka riƙa sirkawa da nama ko kayan ciki ko dafaffen ƙwai. Mussa mai cin nama ce ta asali, akwai wani sinadari tawurin da jikinta baya iya haɗawa isasshe sai daga nama, rashinsa na taɓa ido da zuciya, dan haka tuwo da shinkafa zalla basa riƙe ta. Sannan mu nan garin albasa da tafarnuwa ne, duka biyun suna lalata mata jini, kar a riƙa juye mata ragowar miya.

Tambaya: Salam Likita. Ina da juna biyu wata biyar, kyanwarmu kuma ta saba kawo ɓeraye tsakar gida har wani lokacin kusa da madafa. Wata ƙawata tace in rabu da ita yanzun nan don tana sa ɓari kuma ga zancen Lassa da ake ta yi a rediyo. Yarana sun shaƙu da ita sosai, ni kuma tsoro ya kama ni. Ya zanyi? Daga maman yara, Gawon Nama.

Amsa: Allah ya raba lafiya 'yar'uwa. Tsoronki yana da tushe kuma na ji daɗi da kika tambaya, amma ba sai kin kore ta ba, akwai dai ayyukan da daga yau ba naki bane har ki haihu.

Maganar ɓari da ƙawarki ta ji, wata ƙwayar cuta ce toksoplasma, kyanwa na ɗaukarta in ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sai ta riƙa fitar da ƙwan cutar a kashinta na sati ɗaya zuwa uku, yawanci a kamuwar farko. In mace ta kamu karon farko tana da ciki cutar na iya kaiwa ga jariri, ta jawo ɓari ko matsalar ido da ƙwaƙwalwa. To amma ta baki take shiga, kuma kashin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi, shiyasa in ana kwashewa kullum haɗarin na raguwa sosai. Dan haka kwasar kashinta ya koma hannun maigida ko wani babba a gidan, a kwashe kullum a wanke hannu da sabulu, a rufe yashin da yara ke wasa. Kuma ki sani mutane da yawa da suka kamu basu da kyanwa ma, ta naman da bai dahu ba suka samu, ko latas da kabeji da karas da ba a wanke da kyau ba, to tsire da balangu a tabbatar sun gasu har ciki. In kin je awo ki faɗa musu kuna da kyanwa mai farauta.

Lassa kuwa ɓeran ne matsalar. An fara gano zazzaɓin a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar, shi bata masa komai amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa da jininsa, ta shiga abincin da aka bari a buɗe ko aka shanya a ƙasa, kuma da rani ta fi tashi. Ga mai ciki tana da tsanani ƙwarai musamman watannin ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta cikin hanyoyin kariya ta lissafa rufe hatsi a mazubi mai murfi da nisanta bola da gida da kuma kiwon kyanwa, kinga in kin kore ta ɓerayen kika yi wa gata. Ke dai ba za ki iya bambance wannan ɓeran da sauran da ido ba, dan haka duk wanda ta kawo a ɗauke shi kamar mai cuta ne. Ke kar ki taɓa, yara kar su ɗauka da wutsiya suna wasa kamar yadda suka saba. Wanda zai kwashe ya sa hannunsa cikin leda mara huji, ya yayyafa ruwan Hypo ko Jik akan mushen da wurin ya bari ya jiƙa na 'yan mintuna, kar a share a bushe ƙura ta tashi, sannan ya ɗauka ya juya ledar ya ƙulle a binne da zurfi ko a ƙone, ba a cilla bayan katanga ba, ya wanke hannu da sabulu. Madafa kuma a riƙa rufe ta da dare, tukwane da kwanuka a kife. Duk wanda zazzaɓi ya kama a gidan aka sha maganin maleriya bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ga kasala, a tafi asibiti da wuri a faɗa musu an yi hulɗa da ɓera, alamun na iya ɗaukar har kwana 21 kafin su fito.

Ita kanta kyanwar tana buƙatar maganin tsutsa akai akai, mai farauta kar ta wuce wata uku ba a bata ba, in kinga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta to tsila ce. A kuma yi mata allurar ciwon haukan kare, ba kare kaɗai ke ɗauka ba, ana farawa tun tana wata uku. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan cikin gari, akwai kuma na gwamnatin jiha, maigida ya kai ta.

Tambaya: Malam Likita mussata ta jawo min rigima. Sau biyu tana kawo min 'yan shila daga ɗakin tantabarun maƙwabcina, satin da ya wuce kuma ɗan tsako, yanzu ya rantse in ya sake ganinta bisa katanga tai sai ya sa mata guba. Mun yi shekara ashirin muna zaman lahiya da bawan Allahn ga. Akwai dabarar da za ta sa ta bari? Na ji ance a rataya mata ƙararrawa. Daga wani dattijo, Ƙofar Rini.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Maƙwabcinka yana da gaskiya a ɓacin ransa, mai kiwon tantabara ya san wahalar da ya sha kafin ɗan shila ya yi gashi, dan haka ni a ganina ka fara takawa da kanka ka bashi haƙuri ka biya shi abinda aka kashe ko da zai ce ya yafe, sannan ka roƙe shi ya janye maganar guba, gubar da aka ajiye dan mussa kaza na iya ci, akuya na iya ci, yaro mai rarrafe na iya kaiwa baki.

Hali zanen dutse ne Baba, ba za ta daina gabaɗaya ba amma ana rage shi sosai. Jami'ar Eksita a Ingila ta yi gwaji da kyanwoyi 355 a gidaje 219 aka fitar da sakamakon a 2021. Waɗanda aka koma ba su abinci mai nama sosai abinda suke kawowa gida ya ragu da kashi 36 cikin 100, waɗanda ake wasa dasu minti biyar zuwa goma kullum ya ragu da kashi 25, waɗanda aka sa wa wani ƙyalle mai launi mai ɗaukar ido a wuya kamun tsuntsayensu ya ragu da kashi 42 saboda tsuntsu na hango launi tun daga nesa, ƙararrawar da ka ji labari kuwa a wannan gwajin ba a ga wani bambancin kirki ba. Wasan nan aikin jikoki ne, a samu kara a ɗaura zare a ƙarshensa a ɗaura gashin zabo ko na kaza, a riƙa ja a ƙasa ana ɓoyewa bayan turmi tana laɓe tana tsalle, a ƙarshe a bari ta kama sannan a bata abinci, in an gama a ɗauke zaren kar ta haɗiye. Ƙyallen wuya kuma ko guntun atamfa mai ja da rawaya ya isa amma a yi shi yadda in ya sarƙe a reshe ko ƙusa zai cire da kansa, kar a ɗaure da igiya ko waya, na ga wadda ta rataye a haka.

Abinda ya fi duk waɗannan aiki shine lokaci. Ka shigo da ita ɗaki ko zaure kafin kiran magariba ka bata abincin dare a nan, kar a sake ta sai rana ta fito sosai. Shi kuma maƙwabci ku haɗa kuɗi a sa wa ɗakin tantabarun waya mai ƙananan ido, a ɗaga tukwanen daga jikin katanga, 'yan tsaki a riƙa kifa musu akurki, dan ko ba mussarka akwai muzuran unguwa da shaho da gafiya.

Tambaya: Likita ni abin da ke bani haushi da ranshi take kawowa, ta sake shi cikin ɗaki tana wasa dashi tana cillawa sama, rannan ya kuɓuce ya shige bayan kwaba. Wannan ba mugunta bace? Daga wata ɗaliba, Arkilla.

Amsa: Ɗiyata ba mugunta bace, taka tsantsan ne. Ɓera na cizo, babba ma yana iya ji mata ciwo a fuska, ita kuma kisanta cizo ɗaya ne a bayan wuya wanda sai ta kai fuskarta dab dashi, shiyasa take gajiyar dashi tukuna. Matasan kyanwoyi da waɗanda basu samu koyarwar uwa sosai ba sun fi daɗewa a wannan wasan. In kinji wannan kukan na mai abu a baki daga waje to ki rufe ƙofa kar ta shigo dashi. In ya riga ya kuɓuce ki fitar da abinci daga ɗakin ki sa tarko a jikin bango inda ita ba za ta kai hannu ba, kar ki sa hannu bayan kwaba kina lalube. In kuwa maciji ko kunama kika ga tana wasa dashi kar ki matsa, ki janye yara ki kira manya, daga baya a duba ta ko akwai kumburi a fuska ko ƙafa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sa maganin ɓera a sito, bayan kwana huɗu kyanwarmu da ta saba kawo mana ɓeraye ta kwanta bata ci bata sha, mun ɗura mata manja da madara mun ba ta rabin farasitamol amma ta mutu, yara har yau kuka suke. Mun samo wata ƙarama, me zamu kiyaye? Daga wani magidanci, Wamakko.

Amsa: Allah sarki, Allah ya ba yaran haƙuri, na san da niyyar taimako kuka yi. Amma dole in faɗa saboda masu karatu, farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta bata iya sarrafa shi, ko rabin ƙwaya na iya kashe ta, kar a sake ba mussa maganin mutane sai likita ya ce. Manja da madara kuma basa karya guba, ɗurar ma na iya bi ta hanyar numfashi ta shiga huhu.

Ɓeran da ya ci magani baya mutuwa nan take, yana fitowa fili yana tangaɗi, shine mafi sauƙin kamu, to kyanwa mai farauta zata yi ta cin irinsu gubar na taruwa a jikinta, wani lokacin ma abincin da aka cuɗa da maganin take ci kai tsaye musamman in da kifi aka haɗa. Da yawa daga cikin na kasuwa masu hana jini daskarewa ne, sai bayan kwana uku zuwa biyar alamu ke fitowa, kasala, dasashi ya yi fari fat, numfashi da ƙyar, jini a hanci ko a kashi. Wannan yana da magani in an kai da wuri, bitamin K1 ne ake bayarwa na makonni. Irin su Sniper da ake zubawa a lungu kuwa nan da nan suke nunawa, dalala da karkarwa da faɗuwa, wannan ba a jira gari ya waye. Ko wanne ne a ɗauki kwalin ko kwalbar a tafi da ita wurin likitan dabbobi dan ya san me zai bayar.

Ga sabuwar, ku zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko guba, ba a haɗa su a gida ɗaya. Ku duba sito lungu lungu ku kwashe ragowar maganin da matattun ɓerayen kafin ku bari ta shiga, ku toshe ramuka da siminti, hatsi ya koma cikin duro mai murfi. In kuna sa gam ɗin kama ɓera ku sa inda ba za ta taka ba, in tsautsayi ya sa ta manne ku shafa man gyaɗa a hankali har gam ɗin ya saki sannan ku wanke da sabulu da ruwan ɗumi, kar a kusanto ta da kananzir ko fetur. Kuma ku tambayi maƙwabta ko suna sa magani, in suna sawa ta riƙa kwana a ɗaki har sati biyu bayan sun daina.